Ƙwallayen aljinet ɗina suna narkewa tun ba su kai babban hanji ba: a ina matsalar take?

Zainab:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, kuma aikin da aka ɗora mini shi ne in yi ƙananan kafso daga aljinet, wato sinadarin nan mai dogayen sarƙoƙin sukari da ake tatsowa daga ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa, in cusa mesalazin, maganin ciwon gyambon hanji, a ciki domin ya isa babban hanji, inda gyambon yake, ba tare da ya tsiyaye a hanya ba. Ina narkar da aljinet kashi 2 cikin 100 a ruwa, in gauraya maganin, sannan in riƙa ɗiga haɗin da sirinji cikin ruwan kalsiyam kulorayid. Kowane ɗigo da ya faɗa sai ya daskare nan take ya zama ɗan ƙwallo, kuma idan na tsame shi bayan rabin sa'a na matsa tsakanin yatsu, sai in ji shi da tauri, har tsalle yake yi idan ya faɗi a kan tebur.

Wajen gwaji ne abin yake lalacewa. Sa'o'i 2 a ruwan asid mai pH 1.2 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba tsami mai yawa), wanda ke wakiltar tumbi, a zafin digiri 37, ƙwallayen ba sa fashewa, sai dai su ɗan tsuke su yi fari. Da zarar na mayar da su ruwan fosfet mai pH 6.8, wanda ke wakiltar ƙaramin hanji, sai su kumbura, gefensu ya fara zarewa, kafin sa'a guda ta cika babu abin da ya rage sai gurɓataccen ruwa. Na ninka kalsiyam sau biyu, na ninka sau uku, jiya i yau. Don Allah a taimaka mini da haske.

Malam Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Abin da kike kira matsala, wasu nema suke yi ido rufe, domin kafso da zai jure asid ɗin tumbi sannan ya buɗe a ƙaramin hanji shi ne burin duk mai son kare magani daga tumbi ko kare tumbi daga magani. Amma tunda babban hanji kika nufa, dole abinki ya ƙara jure sa'o'i 3 zuwa 4 da abu kan yi yana ratsa ƙaramin hanji, kuma aljinet shi kaɗai bai cika yin wannan ba.

Shekaruna a wannan sana'a sun sa ina da shakku a kan aikin gaba ɗaya. Ƙwayoyin mesalazin da ke hannun marasa lafiya yau an warware musu wannan da rufi: wasu da Eudragit S, wanda ba ya narkewa sai pH ya kai 7, wasu da etilselulos, wanda ke sakin maganin a hankali. Sarƙoƙin sukari sun yi suna a harkar kafso, ba na musu. Tun da Mothes ya yi rajistar kafson jelatin a Faransa a 1834 jelatin ke mulki, sai daga baya aka samu na haifuromelos, wanda ake yi daga selulos, da na fululan, kuma sun karɓu wajen waɗanda ba sa son abin da aka samo daga dabba. Sai dai ƙarfin waɗannan a bushe yake, an yi su ne domin su jure injin cikawa da ajiya, su narke da sun taɓa ruwa. Ke kuwa kina neman ƙarfi a cikin ruwa, wanda wani fage ne daban.

Dakta Bashir:
Malam Auwalu, a bar yarinya ta yi bincikenta, ai rufin da ka ambata shi ma yana da nasa aibin, domin pH na hanji yana bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma an sha samun ƙwayar da ta fita a bayan gida ba ta buɗe ba. Hikimar amfani da sarƙoƙin sukari ita ce, sinadaran narkar da abinci na jikin ɗan Adam ba sa iya yanka aljinet ko fektin, wanda shi ma sarƙar sukari ce ta tsirrai, amma ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji suna iyawa, don haka mabuɗin yana can inda ake son a buɗe.

Zainab, ki fara da sanin abin da ke riƙe da ƙwallonki. Sarƙar aljinet tubala iri biyu gare ta, asid ɗin manuronik da asid ɗin guluronik, waɗanda ake taƙaitawa da M da G. Inda G suka jeru a jere, sarƙar takan yi lanƙwashe-lanƙwashe, kuma idan sarƙa biyu suka haɗu sai su bar ramuka a tsakaninsu da kalsiyam ke zama a ciki daram, kamar ƙwai a cikin kiret. Tun 1973 aka ba wannan bayani sunan kiret ɗin ƙwai. Ɗaurin ba na dindindin ba ne, jan cajin lantarki ne kawai, saboda haka duk abin da ya fi son kalsiyam zai ƙwace shi. Fosfet yana kama shi, sitiret ma haka, sodiyam kuma idan ya yi yawa yakan ture shi ya zauna a gurbinsa, alhali shi ba ya iya ɗaure sarƙa biyu. Kin zuba ƙwallayenki cikin ruwan da ke wawashe abin da ke riƙe da su. Ƙara kalsiyam kuwa ba zai yi amfani ba bayan ramukan sun cika. Ina tambaya: nawa ne yawan G a aljinet ɗinki? Wanda ake samu daga karan Laminaria hyperborea yana da G da yawa kuma ya fi tauri, na Macrocystis pyrifera kuwa M ya fi yawa a cikinsa, ya fi laushi.

Zainab:
Na gode, Dakta. Na duba robar, babu abin da aka rubuta sai cewa kaurinsa matsakaici ne. Na rubuta wa kamfanin da ya sayar mana tun watan jiya ina neman takardar bayanin wannan rukuni, har yanzu shiru.

Injiniya Murtala:
Ni ba mai magani ba ne, aikina auna ƙarfin kayayyaki, kuma kalmar da ta tsaya mini a rubutun Malama Zainab ita ce tauri. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Akwai tauri, wato yadda abu ke ƙin lotsawa, akwai kuma juriya, wato yawan wahalar da zai sha kafin tsaga ta ratsa shi. Tukunyar ƙasa ta fi fata tauri nesa ba kusa ba, amma ita ce ke tarwatsewa idan ta faɗi. Aljinet mai yawan G da Dakta ya yaba yana kusa da tukunya, mai yawan M yana kusa da fata. A cikin hanji, inda ake murzawa ana matsawa ba tsayawa, ban tabbata tauri shi ne abin nema ba.

Shawarata ita ce ki riƙa ɗaukar ƙwallaye kamar 20 daga kowane rukuni, ki matse su ɗaya bayan ɗaya a na'urar matsi, ki rubuta nauyin da kowanne ya fashe a kansa, kuma ki yi hakan a matakai uku: da fitowarsu daga kalsiyam, bayan asid, da kuma bayan minti 15 a fosfet. Awon farko shi ne wanda kowa ke sawa a rahoto saboda ya fi kyan gani, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani, tunda babu marar lafiyar da hanjinsa ke cike da ruwan kalsiyam kulorayid.

Farfesa Hadiza:
Na karanta duka. Bayanin Dakta Bashir daidai ne, amma ina ganin ya kama ɓarawo na biyu ya bar na farko. Zainab, ki koma kan jimlarki da kika ce ƙwallayen sun tsuke sun yi fari a cikin asid, kika ɗauka lafiya suke. Ba lafiya suke ba. Rukunan asid da ke jikin aljinet suna riƙe da cajinsu na negatif ne muddin pH ya haura kusan 3.5. A pH 1.2 sun rasa wannan caji, kuma da sun rasa shi babu abin da zai riƙe kalsiyam, sai ya sulale ya fita cikin ruwan. Abin da kika tsamo bayan sa'o'i 2 ba kalsiyam aljinet ba ne, asid ɗin aljinik ne, wanda ya tsaya a dunƙule don kawai ba ya narkewa a ruwa mai tsami. Da kika kai shi pH 6.8 sai cajin ya dawo, sarƙoƙin suka fara ture juna, ruwa ya kutsa, ga shi babu ɗaurin da zai hana su rabuwa. Shi ya sa ninka kalsiyam bai canza komai ba: duk abin da kika ƙara, a tumbi kika zubar da shi.

Kada ki karɓi maganata haka nan, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki raba rukuni ɗaya kashi uku. Na farko ki bi da shi ta asid sannan fosfet kamar yadda kika saba. Na biyu ki sa shi a fosfet kai tsaye. Na uku ki bi da shi ta asid, sannan ki sa shi a ruwa mai pH 6.8 da ba na fosfet ba. Ki kuma ajiye ruwan asid ɗin ki auna kalsiyam da ke cikinsa. Idan na uku ya narke kamar na farko, to fosfet bai da babban laifi.

Wani abin lura a gefe: ruwan fosfet na gwaji ya fi hanjin gaske yawan fosfet, domin abin da ke daidaita tsami a hanji galibi baikabonet ne. Muna amfani da fosfet ne saboda sauƙi da daidaito, ba don ya yi kama da ciki ba.

Dakta Bashir:
Farfesa, na sallama a kan asid, na manta ƙwallayen ta baki za su bi. Ni tunanina ya tafi wajen masu dasa ƙwayoyin halitta, inda babu tumbi a hanya. Tun da Thomas Chang ya wallafa aikinsa kan ƙananan kafso masu tace abin da ke shiga da fita a 1964, da kuma 1980 lokacin da Lim da Sun suka lulluɓe ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin aljinet da rufin folilaisin suka dasa wa ɓeraye masu ciwon sukari, ɗaya daga cikin manyan abokan gabarsu shi ne sodiyam, wanda ya kai kimanin milimol 140 a kowace lita ta jini, alhali kalsiyam da ke yawo a sake bai wuce 1 da ɗan ɗoriya ba. Su sun samu sauƙi da bariyam, wanda ya fi kalsiyam kama G da ƙarfi. Me zai hana Zainab ta gwada shi?

Farfesa Hadiza:
A'a, Dakta. Bariyam mai narkewa guba ne, yana toshe hanyoyin fotasiyam a tsoka da zuciya. Wanda ake ba mutum ya sha kafin hoton ciki bariyam salfet ne, kuma amincinsa ya dogara ga rashin narkewarsa. Masu dasawa suna sa ɗan kaɗan ne sau ɗaya, su wanke sosai. Nan kuwa magani ne da za a sha kullum tsawon watanni, kuma asid ɗin da ya saki kalsiyam zai saki bariyam a cikin tumbin mutum.

Abin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Shi cajinsa fozitif ne idan pH bai kai kusan 6.5 ba, don haka yana manne wa aljinet ya yi masa fata. Amfanin haɗin shi ne rauninsu ba a wuri ɗaya yake ba: a asid kitosan ke son narkewa aljinet ya tsuke, a hanji kuma aljinet ke son narkewa kitosan ya tsaya. Yadda aka yi rufin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka ɗiga aljinet kai tsaye cikin ruwan kitosan, siririyar fata kawai ake samu a waje. Idan kuwa aka fara yin ƙwallon a kalsiyam, sannan aka jiƙa shi na sa'o'i a kitosan mai gajerun sarƙoƙi, a pH wajen 5 inda dukansu biyu ke da caji, sai kitosan ya ratsa ciki ya ɗaure da zurfi. Mai dogayen sarƙoƙi ba ya iya shiga ramukan, a bakin ƙofa yake tsayawa.

Sadiya:
Ina neman afuwa in sa baki da ɗan abin da ya same ni, ko zai yi wa 'yar'uwata amfani. Na taɓa sa ruwan aljinet a tukunyar tururi mai matsi domin kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na minti 20, kamar yadda ake yi wa sauran kaya. Ya shiga da kauri yana bin cokali, ya fito tsararo kamar ruwa, kuma ƙwallayen da na yi da shi masu jela ne, suna murƙushewa da an taɓa. Zafin ya daddatse sarƙoƙin. Mako uku na yi ina zargin kalsiyam. Tun daga nan tacewa nake yi da mataci mai ramuka na maikiron 0.22, ko da yake sai an tsinka ruwan kafin ya wuce. Idan kina dafa naki don ya yi saurin narkewa, ki daina, ki bar shi ya kwana yana juyawa.

Injiniya Murtala:
Maganar Farfesa ta haɗa abu biyu masu rauni daban-daban ita ce hanyar da masu kimiyyar kayayyaki suka bi. Jian Ping Gong da abokan aikinta a Jami'ar Hokkaido ta Japan sun nuna a 2003 cewa idan aka saƙa raga biyu cikin juna, ɗaya mai tauri mai saurin karyewa, ɗaya mai laushi mai miƙewa, jel ɗin yakan yi juriyar da ba ɗayansu ke da ita. A 2012 wata tawaga a Harvard ta yi haka da aljinet da foli'akirilamaid, aka samu jel da ruwa ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa amma yana miƙewa fiye da ninki 20 na tsawonsa. Sirrin shi ne ɗaurin kalsiyam yana kwancewa ya shanye wahalar, raga ta biyu kuma ta riƙe siffar. Ba ina cewa a ba mutum wannan ya haɗiya ba, tunda ragowar akirilamaid guba ce ga jijiyoyi, amma darasin yana nan: a samu raga ta biyu da asid ba ya kwancewa. Mafi sauƙi kuma, a cuɗa siraran zaren selulos a cikin aljinet ɗin, yadda magini ke cuɗa laka da busasshiyar ciyawa don kada bango ya tsage.

Malam Auwalu:
Na san inda wannan magana za ta kai, wato a ɗaure kitosan ɗin da ɗauri na dindindin, kuma sunan da zai fara fitowa shi ne gulutaraldehaid. Ina roƙo tun yanzu a bar shi, domin yana da guba kuma tabbatar wa hukumar kula da magunguna cewa an wanke shi tas aiki ne babba. Jenifin, da ake samu daga 'ya'yan itacen gadeniya, ya fi shi sauƙin illa, ko da yake yana rina abu shuɗi kuma yana da jinkiri. Amma dukansu rukunin amino suke kamawa, kuma mesalazin kansa yana ɗauke da rukunin amino, don haka akwai fargabar a ɗaure maganin tare da kafson.

Sannan har yanzu ba wanda ya amsa mini tambayar da ta fi damuna. Mai wannan ciwo yana shan mesalazin giram 2 zuwa sama da 4 a rana. Ƙwallon da kashi 98 cikin 100 nasa ruwa ne, cokali nawa za a ba shi?

Farfesa Hadiza:
Wannan tambaya ta Malam Auwalu tana kan hanya, kuma tana da 'yar'uwa. Mun shafe muhawarar nan muna neman ƙwallon da ba zai fashe ba, alhali ƙwallo yana iya isa babban hanji lafiya lau amma fanko. Nauyin molekul ɗin mesalazin, wato ƙwayar sinadarinsa mafi ƙanƙanta, 153 ne kacal, insulin kusan 5,800, garkuwar jiki irin IgG kusan 150,000. Ramukan jel ɗin aljinet suna barin insulin ya wuce, shi ya sa ma masu dasawa suke sonsa, to ina ga mesalazin? Kamar a tare sauro da ragar kamun kifi ne. Ƙari a kan haka, mesalazin ya fi narkewa a asid mai ƙarfi da kuma pH da ya haura 6 fiye da tsakaninsu, wato daidai wuraren gwajinki biyu. Zainab, kin taɓa auna maganin da ya rage a ruwan kalsiyam bayan kin tsame ƙwallayen? Ki auna. Ki kuma kare shi daga haske da iska, domin yana yin duhu idan ya sha su.

Busarwa tana amsa tambayoyin biyu zuwa wani mataki. Idan aka busar da ƙwallon a iska, yakan tsuke ƙwarai ya yi ƙarfi, ramukan su matse, kuma kowane giram ya ɗauki magani mai yawa, sai a cika su a kafso na yau da kullum. Busarwa ta daskarewa kuwa tana barin sa a girmansa amma kamar soso, ruwa na shiga nan da nan, don haka ba ita ce taki ba.

Zainab:
Malamai, Allah ya saka da alheri, na dawo da sakamako bayan kwana 10. Kashi na uku, wanda ya bi ta asid sannan ya shiga ruwan da babu fosfet, ya narke kusan lokaci ɗaya da na farko. Na biyu, wanda bai ga asid ba, ya fi su daɗewa sosai, ko da yake shi ma daga ƙarshe ya saki. Ruwan asid ɗin kuwa cike yake da kalsiyam. Maganar Farfesa ta tabbata. Malama Sadiya, ni ma ina ɗumama nawa, na daina.

Na yi rufin kitosan ta hanyar jiƙawa, na busar a iska, ƙwallayen suka koma ƙanana masu ƙarfi kamar tsakuwa. Sun wuce asid, sun yi sa'o'i 4 a fosfet, sun kumbura amma ba su watse ba, kuma na'urar matsi ta nuna suna da sauran ƙarfi. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba: wani kaso na maganin ya tafi tun a ruwan kalsiyam da na kitosan, kuma fiye da rabin wanda ya rage ya fita kafin a gama sa'o'i 2 na asid. Yanzu ina tunanin ko in ƙosar da ruwan kalsiyam ɗin da maganin tun farko don kada ya ja na cikin ƙwallon, sannan in yi wa busassun ƙwallayen siririn rufi na etilselulos da aka gauraya da fektin, yadda ruwa ba zai shiga da wuri ba sai bakteriya sun cinye fektin ɗin sun huda rufin.

Farfesa Hadiza:
Ki yi duka biyun, amma ɗaya bayan ɗaya, don ki san wanne ya yi aiki. Fektin yana jiƙa ya kumbura tun a sama idan ya yi yawa a rufin, saboda haka ki gwada rabo uku ko huɗu, ki fara da wanda etilselulos ya rinjaya. Gwajinki kuma yana bukatar mataki na uku yanzu: bayan sa'o'i 4 na fosfet, ki raba ƙwallayen biyu, ki zuba wa rabi sinadarin fektines, wanda ke yanka fektin kamar yadda bakteriya ke yi, ki bar rabi haka. Idan sakin maganin bai bambanta tsakaninsu ba, to rufin yoyo yake yi, ba bakteriya yake jira ba. Ki turo mana jadawalin awon idan kin gama, tare da hoton ƙwallo ɗaya da aka tsaga biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina son in ga kaurin rufin.